Curin Gawayin Surukina

Ranar Talata da hantsi surukina ya rasu, a ɗakinsa na Sabon Gari, bayan ya sha kunun gyaɗa ya ce a bar shi ya ɗan kishingiɗa. Ina cikin aji a Samaru sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Matata ce. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce, "Baba ya tafi." Na ce wa ɗalibai su kwafi abin da ke kan allo, na fita na tare acaɓa. Sai da muka wuce Hanwa na lura allin yana hannuna.

Kafin in isa gida ya cika. Matan zumuntar coci sun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida suna rera waƙa a hankali, surukuwata a tsakiyarsu, idonta a bushe, tana amsa gaisuwa da kai. A ƙofar gida an jera benci. Tsofaffin 'yan reluwe uku, abokan aikinsa da suka rage, sun zauna wuri guda, ɗayansu yana ta maimaitawa, "Saura mu uku ke nan. Saura mu uku."

Waɗanda suka ba baƙi mamaki su ne matan da ke sayar da gawayi a bayan kasuwa. Su shida suka zo, sun yi wanka sun sa tufafin fita, amma baƙin da ke ƙarƙashin farcensu sabulu ba ya fitar da shi. Ƙanen matata, wanda ya iso daga Kaduna, ya raɗa mini, "Waɗannan kuma su wane ne?" Ashe babbarsu ta ji shi. Ta juyo ta ce, "Mu ne masu ba shi shara, ɗan nan. Shekara ashirin yana kwashe mana garin gawayi, kuma bai taɓa wuce rumfata bai tambaye ni ciwon ƙafata ba." Ta shige ciki abinta.

Maƙwabciyar gidan mai tuyar ƙosai, 'yar ƙabilar Ibo, ita ce ta yi kukan da mu dangi muka kasa. Ta faɗi a bakin ƙofar ɗakinsa tana birgima, mata biyu suka riƙe ta da ƙyar. Da la'asar kuma mai tsiren kwanar Hanwa ya zo, dattijo ne shi ma, Musulmi, ya cire takalmi ya zauna a gefen benci. Ya yi mana gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri. Ni na fi shi sanin nama, wannan ko a gabansa na sha faɗa. Amma wuta, wallahi ban ga na biyunsa ba."

Ni kuwa ina ƙarshen benci, ana "sannu da haƙuri" ina "yauwa, mun gode", amma abin da ke cina daban ne. Akwai laifin da na yi wa tsohon nan shekara huɗu da suka wuce, a gaban jama'a, kuma har Ubangiji ya kira shi ban iya buɗe baki na ce ya yafe mini ba. A ranar ban san ko ya tafi da abin a ransa ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Ina so jikokinsa su san ko wane ne kakansu, ina kuma so in sauke abin da ke wuyana.

Baba, haka kowa ke kiransa, har fasto, ya yi ƙuruciyarsa ne a kan jirgin ƙasa, zamanin da jirgi ke cin kwal. Fayaman ne, wato mai zuba wa injin kwal da shebur. Gajere ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, gashin hannunsa duk wuta ta lashe tun kafin a haifi matata. Ba shi da yawan magana. In ka ga bakinsa ya buɗe, to an taɓo zancen wuta. Yakan ce direba ke da suna, amma fayaman ne ke hawar da jirgi tudu. Da jirage suka koma shan mai, shi ma ya yi ritaya, sai ya rasa inda zai sa hannunsa. Wata rana ya ga matan kasuwa suna share garin gawayi suna turawa kwata, ya tsaya ya ce musu, "A reluwe ba ma zubar da garin kwal." Washegari ya dawo da baro.

Tun daga nan duk Asabar sai ya je ya kwaso. Ya dawo ya tankaɗe, ya dama sitacin rogo kamar mai dama koko, ya ɗan barbaɗa ƙasar suri, ya kwaɓa da hannu har sai kwaɓin ya kama jikinsa. Yana da gwangwanin madara da ya cire wa gindi, a ciki yake cusa kwaɓin ya danna da guntun taɓarya, ya huda tsakiya da kara don iska ta sami hanya, ya turo shi waje. Sai ya jera a kan tsohon kwanon rufi su sha rana kwana huɗu ko biyar. Shi curi yake ce musu. Yaran unguwa kuwa furar Baba suke cewa, har sukan leƙo su tambaya ko akwai nono. Yana jin su, bai taɓa korar su ba.

Kafin curi ya shiga buhu sai ya ci jarrabawa. Zai ɗaga shi daidai gwiwa ya saki. Wanda ya fashe ya koma kwaɓi. Na taɓa ganin ya mayar da aikin mako guda cikin baho, ko tsaki bai yi ba. Amma wanda ya tsallake, to ka sami abin gashi. Ba ya hayaƙi, ba ya tartsatsi, in ya kama zai kai ka awa uku da zafi iri ɗaya.

Wajen kunnawa ne yake da taurin kai. Kananzir, ina! Leda kuwa, wadda matan unguwa ke ƙonawa su ɗiga a kan gawayi, in ya ji warinta tashi yake ya bar wurin. Totuwar masara yake jerawa a ƙasa, da ɗan tsumman da ya tsoma a man gyaɗa, ashana ɗaya, sai mafici. Yakan ɗauki rabin awa yana fifita, ba abin da ya dame shi. In mai gaggawa ya matso da nama sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bari ta yi furfura tukuna." Wato sai farar toka ta lulluɓe curin duka. Ya ce harshen wuta na 'yan kallo ne, mai gashi garwashi yake jira. Ya kuma ce duk abin da ka ciyar da wuta da farko, shi za ta shafa wa nama.

Yana da yadda yake auna zafi, wanda ban ga wani na yi ba. Zai shimfiɗa tafin hannu a saman raga ya fara kiran tashoshin jirgi a hankali: Zariya, Funtuwa, Gusau, Ƙaura. In ya janye kafin Funtuwa, wuta ta yi yawa, a jira. In ya kai Gusau, a kawo nama. In har ya sauka Ƙaura hannu bai motsa ba, sai ya ce wannan ta masara ce, a ƙaro curi.

Da mai tsiren nan sun shekara ashirin suna gardama ɗaya. Mai tsire ya ce naman da bai sha hayaƙin itace ba dafaffe ne kawai, Baba ya ce hayaƙi mayafi ne da ake rufa wa naman da ya kwana. Ba wanda ya taɓa kayar da wani. Da Babbar Sallah cinya ke zuwa daga Hanwa, da Kirsimeti cinya ke tafiya can, kowa ya ci na ɗan'uwansa ya aiko da kushe.

Faɗa na gaske ɗaya na san ya yi, da Mama, surukuwata, kuma matata ce ta ba ni labari tana dariya har da hawaye. Rariyarsa ta yage, sai ya lallaɓa madafa ya ɗauki ta Mama ta tankaɗen gari, ya yi aikinsa, ya wanke, ya mayar inda take kamar ba shi ba. Ranar kuwa baƙi suka zo daga ƙauye. Mama ta tuƙa tuwon masara ta kwashe, sai ga tuwo ya fito ruwan toka. Ta ɗora malmala ɗaya a faranti ta fito ta ajiye a gabansa.

"Maigida, wannan fa?"

Ya duba, ya juya farantin, ya ce, "Masarar bana ce haka."

"Masarar bana? To, madalla. Masarar bana za ka ci yau, ka ci gobe, ka ci jibi."

Kwana uku yana cin ɗumamen tuwon nan bai ce uffan ba. A rana ta huɗu ya tafi kasuwa ya sayo rariya biyu, ya ɗaura wa tasa jan zare. Har yau in abinci ya ɓaci a gidan, "masarar bana ce" ake cewa.

Kukan maƙwabciyar nan ma yana da dalili. Shekarar da kananzir ya yi wuya, kowa ya koma itace da gawayi, su ma suka yi tashin gwauron zabi. Mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ga 'ya'ya huɗu. Sai Baba ya lura kwana biyar bai ji ƙamshin mai da safe ba. Bai tambaye ta komai ba. Washegari ta buɗe ƙofa ta tarar da kwano cike da curi. Ta zo godiya za ta durƙusa, ya ce, "A'a, ba kyauta ba ce. Gwaji nake yi, na canza kwaɓi. Ki yi tuya da shi ki gaya mini ko yana kai ki ƙarshen ƙullu." Kullum ta zo ta ba da rahoto, shi kuma ya gyaɗa kai da gaske kamar likita, ya cika mata kwanon ya ce a sake gwadawa. Gwajin nan ya shekara shida bai ƙare ba.

Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta surukai. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, shekarata goma sha ɗaya da auren 'yarsa ta fari, bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na zo, in durƙusa daga bakin ƙofa, ya tambayi makaranta, in tambayi ƙarfin jiki, shi ke nan. Duk wata magana mai nauyi sai ta bi ta kan matata, ita ta faɗa wa Mama, Mama ta nemi lokacin da ya dace. Haka muka taso muka gani, ban kuma taɓa ganin aibin abin ba sai da ya kayar da ni.

A cocinmu na Sabon Gari, washegarin Kirsimeti zumuntar maza ke yanka taure biyu a gasa a haraba, kowa ya ci, har maƙwabta. Tun kafin in shigo dangin, Baba ke riƙe da wutar. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda zai yi tunanin wani. Da an gama girbi yake fara curin ranar. In ranar ta zo sai ya sa tsohon kakinsa na reluwe, ya tsaya a gaban rabin duron gashi tun hantsi har la'asar, kuma a duk shekara ranar kaɗai za ka ga haƙoransa.

To, a shekarar yanar ido ta fara rufe masa gani. Kirsimetin da ya gabata ma ya dafa bakin duro ya ƙone, ya ɓoye hannun a aljihu. Ni kuma aka sa ni shugaban kwamitin biki, kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba. Ana haka wani malamin jami'a, uban ɗalibina, ya gayyace ni gidansa cin nama. A can na ga abin mamaki. Gawayi ne a cikin jakar takarda, an riga an jiƙa shi da wani mai tun daga inda aka yi shi. Mutumin ya ɗora jakar yadda take, ya ƙyasta ashana ɗaya a kusurwarta, fuu, wuta ta tashi. Ba totuwa, ba fifita, hannunsa fes. Na ce tabɗi, ashe wahala kawai muke ba tsoho! Abin da ban lura da shi ba, kaji biyu kawai ya gasa, kuma sai da muka shanye lemo muka yi doguwar hira kafin ya ɗora su.

Na roƙe shi ya sayo mini jaka uku daga Kaduna. A taron kwamiti na miƙe na ce bana a bar Baba ya huta, zamani ya kawo sauƙi. Aka tafa mini. Wani dattijo ya ce, "Ka gaya masa?" Na ce za a gaya masa. Na faɗa wa matata, ta ce, "Kai dai ka cika karambani," amma ta kai wa Mama. Ni a wurina magana ta isa.

Ranar biki na yi sammako. Ƙarfe tara na jera jaka biyu a duro, maza sun kewaye ni, na ƙyasta ashana. Wuta ta tashi har aka ja da baya, aka yi sowa. Ina cikin wannan alfahari sai na ji ƙarar baro a bakin get. Baba ne, cikin kakinsa, yana turo buhu biyu na curi, aikin wata biyu. Wayyo ni! Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce a raina, shi ke nan, Mama ba ta gaya masa ba, ta kashe ni.

Ya tsaya ya dubi wutar, ya ɗan shaƙi iska, ya ce, "Sannu da aiki, Malam."

Na durƙusa na ce, "Sannu da zuwa, Baba."

Ya tura baron ya jingine buhunan a jikin bango, dab da inda nake tsaye. Ya koma ƙarƙashin mangwaro ya zauna cikin dattawa, ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

Kunya ta sa ni sauri, sauri kuwa an ce ya haifi nawa. Don in nuna abin yana aiki, na sa aka shimfiɗa naman taure na farko a kan raga wuta tana ci bal-bal. Waje ya ƙone, ciki da jini. Kafin awa ɗaya gawayin ya zube ya zama toka. Na cusa jaka ta uku a ƙarƙashin naman, ta sake tashi da warin mai ta turare shi sarai. Sha ɗaya da rabi ba ni da wuta, ga taure guda ɗanye a baho, ƙudaje sun fara taruwa.

Buhunan Baba suna nan, in na miƙa hannu zan taɓa su. Kowa yana kallon su, kowa yana kallona. Amma da wane ido zan tsige mutum daga aikinsa da safe, in kwance buhunsa da rana? Na kasa. Na aiki mai acaɓa ya sayo gawayin bakin titi, ɗanye, mai hayaƙi. Ya shigo da shi a kafaɗa ya wuce ta gaban Baba.

Da aka raba nama, mata suna ɗanɗanawa suna tofarwa a ɓoye, yara kuwa da ba su san kara ba suna cewa warin fitila yake. Aka kai wa dattawa nasu, wasu suka ture. Baba ya jawo farantinsa ya ci, gunduwa bayan gunduwa, yana tauna a hankali da sauran haƙoransa, har ya cinye. Ya sha ruwa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "An gode, Malam. Allah ya ƙara ƙarfi." Da la'asar ya ɗora buhunansa a baro, ya hana kowa taya shi, ya tura gida.

Shekara ta zagayo, kwamiti ya tura dattawa biyu su roƙe shi ya dawo. Ya ce ido ya ƙi. Wadda ta biyo baya ma haka. Alhali duk Asabar yana nan yana curi yana cika wa maƙwabciya kwano, ido bai hana ba. Gashin ya zauna a wuyana, ina yi da gawayin kasuwa, ba yabo ba fallasa, shi kuma ya zo cikin farar riga ya zauna ƙarƙashin mangwaro. Kakin nan ban sake ganin sa a jikinsa ba. Duk lokacin da na hango shi zaune hannu a gwiwa, sai in ji kamar ni na karya masa hannun.

Na nemi hanyar ba da haƙuri. Na kai masa shadda, ya sa albarka. Na roƙi fasto ya je a madadina, Baba ya ce masa, "Wani abu ya faru ne? Ni ban sani ba." Fasto ya dawo yana girgiza kai. Na koka wa matata, ta ce, "Baba ba a ba shi haƙuri da baki, ba ka san shi ba ne?" Na ce to da me ake ba shi? Ta ce, "Oho, ai kai ne malami." Mama kuwa na riƙe ta a zuciya, Allah ya yafe mini. Ina gaishe ta, ina kai mata cefane, amma a raina ina cewa da ta isar da saƙo da tsoho bai turo baro ya zo ya ga wulaƙanci ba.

A shekara ta uku na fara curi a ɓoye a bayan gidana a Samaru. Wani manomi a Bomo ya ba ni rogo, na samo gwangwani, na ɓata riguna biyu. Abin da na yi, da ka taɓa shi sai ya ruguje. Wata Asabar na zuba guda goma a kwali na tafi Sabon Gari, na durƙusa na ajiye a gabansa. Lokacin idon ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ya laluba ya ɗauki ɗaya, ya murje, ya kai hanci.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Sitacin bai dahu ba. Ka ji tsoron wuta ka sauke shi da wuri." Sannan ya ce, "Jawo kujera, Malam."

Shekara goma sha huɗu da aure, ranar na fara zama kusa da shi.

Daga nan duk Asabar ina can. Shi ke taɓa kwaɓin ya ce a ƙara ruwa ko a ƙara gari, ni ke dannawa. Hannunsa na cikin baho bakinsa ke sakuwa. Ya ba ni labarin damina a hanyar Gusau, yadda kwal ke jiƙewa su kwashe na ƙasa su shanya a jikin injin, da wani direba Bayarabe da ke raba masa dafaffiyar doya. Ranar da curina ya fara faɗuwa daga gwiwa bai fashe ba, ya ji ƙarar da kunne ya ce, "To." A wurin Baba wannan "to" ɗin lambar yabo ce, na tafi gida ina ta yi wa matata fankama.

Sau uku ina shirya maganar tun daga Samaru. Na ƙarshe mako biyu ne kafin rasuwarsa. Na ce, "Baba, game da ranar nan a coci..." Ya katse ni ya ce, "Malam, ka karkata gwangwanin. Riƙe shi sosai." Mutumin da ba ya gani! Na gyara gwangwanin da ba abin da ya same shi. Maganar ta koma ciki, ba ta sake samun hanyar fita ba.

Kwana uku bayan jana'iza, baƙi sun ragu, na tarar da Mama ita kaɗai a baranda da rana tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta. Abin ya cika mini ciki, na ce, "Mama, ni dai Baba ya tafi ban nemi gafararsa ba. Da ma an gaya masa tun kafin ranar nan, da bai sha wahalar turo baro ba."

Ta ɗago ta dube ni. Mama ba ta taɓa duban tsakiyar idona ba sai ranar.

"Wa ya ce maka ban gaya masa ba?"

Ta koma kan gyaɗarta, ta ci gaba da magana.

"Ranar da 'yata ta kawo saƙo, ranar na faɗa masa, yana cin tuwo. Ya ce, taure nawa? Na ce biyu, kamar kullum. Ya ce, jaka nawa Malam ya saya? Na ce uku aka ce. Ya ce ba za su ishe shi ba. Buhu ɗaya ke isar sa kowace shekara, kuma ya riga ya haɗa shi. Washegari ya koma kasuwa ya fara na biyu, ya ce hannun da bai saba ba ya fi cin gawayi. Na ce, maigida, an ce fa ka huta. Ya ce ai hutawa zan yi, kai masa kawai zan yi in ajiye kusa da shi, in ya buƙata ya ɗiba."

Na ce, "To me ya hana ya ce in ɗiba?"

"Haba, Malam. A gaban mutane? Ya ce wa surukinsa wutarka ta mutu, zo ka ɗauki tawa?"

Na ce, "Shekarun da ya ƙi komawa fa? Ba fushi ba ne?"

Ta watsar da ɓawon da ke hannunta ta ce, "Fushi? Kai ma dai. Mutumin da duk Disamba sai ya sa na goge masa kakin, ya shafa, ya ce in mayar akwati? So yake kamar me. Na ce masa ka koma mana, ai sun roƙe ka. Ya ce an ba Malam aiki a gaban jama'a, in na karɓa na gaya wa duk coci cewa mijin 'yata ya kasa. Ya ce gara ya zauna."

Ranar rasuwa ban yi kuka ba, ranar jana'iza ma ban yi ba. A barandar nan na yi shi, a gaban surukuwata, babu ko kunya. Shekara huɗu ina zagaye ina neman ƙofar da zan bi in ba shi haƙuri, ashe shi yana zaune yana tsare mini mutunci da abin da ya fi so a duniya. Mama ta bar ni na yi mai isata, sannan ta turo mini kwanon ta ce, "Taya ni, hannuna ya gaji." Na zauna a ƙasa na taya ta.

Baba, Ubangijin da ka bauta wa ya karɓe ka da hannu biyu, ya ba ka wuri mai sanyi, tsayuwar da ka yi a gaban wuta ta isa. Ya ba Mama haƙuri da tsawon rai. Ni kuma, tunda yau ba gwangwanin da za ka ce in gyara, bari in faɗa: ka yafe mini.